Yarinyar Da Ta Amsa Kira

Rana ta riga ta faɗa bayan duwatsu lokacin da Zubaida ta zuba garwashi a dutsen guga. Kullum haka take yi gab da magariba. Takan shimfiɗa tsohon bargo a kan tabarma, ta ɗauko rigar makarantar 'yarta da wando da ɗan farin hijabi, ta goge su a hankali. Aikin ba mai cin lokaci ba ne, amma takan ja shi, domin in ta gama babu sauran abin yi sai jiran dare.

Gidan shi ne na ƙarshe a wannan gefe na Roni, inda gidaje ke ƙarewa duwatsu su fara. Mai gidan, Kashim, direban tirela ne. Sai ya daɗe a hanyar kudu ba a gan shi ba, in ya zo kuma rabin zamansa barci ne. Don haka mutum biyu ne a gidan, Zubaida da 'yarta Sadiyya, mai shekara shida, wadda aka sa a aji ɗaya na firamare a wannan zangon.

Zubaida ba ta taɓa faɗin sunan yarinyar ba. A ƙauyensu na ƙasar Gwiwa, a hannun kakarta Dela ta tashi, kuma a can uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ko a ɗaki ko a tsakar gida. Wasu matan kan laƙaba wa yaro wani suna su huta. Ita ba ta ga bukata ba. A gidan da babu kowa sai su biyu, in ta ce "ke", an san da wa take.

Sanin bai sa ana amsawa ba. Tun da aka fara makarantar nan, kowace safiya yaƙi ce. Ke, tashi. Ke, ruwa zai huce. Ke, ina safarki? Sadiyya sai ta ƙudundune cikin zani ta juya wa duniya baya. In an fito da ita ta sulale ta koma. In an kai ta bakin bokiti ta ce ruwan ya yi zafi, in an sirka ta ce ya yi sanyi. Zubaida ta gwada lallashi, ta gwada ƙosai, ta gwada tsintsiya, duk a banza. A safiyar wannan rana yarinyar ta shige ƙarƙashin gado da safa ɗaya a ƙafa, har aka kaɗa ƙararrawar makaranta ba ta fito ba. Zubaida ta fita tsakar gida da hijabin a hannu, ta tsaya ita kaɗai, ta ce da ƙarfi, "Wallahi na gaji. Duk wadda za ta ji maganata a gidan nan, ita ce 'yata."

Irin maganar da iyaye mata ke yi ce su manta kafin azahar. Ta kuwa manta.

Yanzu ga shi ta gama guga, ladan yana gyara lasifika a masallacin unguwa. Sadiyya na zaune kusa da ita, ta cika baki da dafaffiyar gyaɗa.

"Ke, zo ki rataye hijabin nan."

Sadiyya ko kai ba ta ɗaga ba.

"Na'am."

Daga bayan randa muryar ta fito, can kusurwar katanga inda duhu ke fara taruwa. Muryar yarinya ce, siririya, a dushe, irin ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. Zubaida ta dubi bakin 'yarta, ta ga yana tauna. Ta dubi randa, ba ta ga komai ba sai moɗa a kan murfi.

Sai tsakuwa ta faɗo a kan rufin kwano. Ta gangaro a hankali, ƙararta na bin kwarin kwanon, har ta faɗi a gaban tabarma. Aka ɗan yi shiru. Wata ta faɗo, wata ta biyo ta.

Zubaida ta ja yarinyar zuwa ɗaki, ta saka sakata, ta yi sallar magariba. Da ta idar ta kira Kashim. Yana wani gari da ba ta sani ba, ƙarar injina na cika wayar. Ya ce yaran unguwa ne da danƙo, ta daina sa wa kanta abu a rai, ta gaida masa Sadiyya. Wayar ta katse kafin ta kai ga maganar randa.

Da asuba ta hura wuta ta ɗora ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa tana tattara ƙarfin faɗan da ta saba.

"Ke, tashi."

Babu kowa a gadon. Da ta juya sai ta gan ta a rumfa, zaune a kan tabarma cikin sauran duhu. Ta yi wanka, da ruwan randa mai sanyi, don ga jiƙar ƙasa nan a bakin makwarara. Ta sa riga da wando da safa biyu, ta ɗaura takalmi, hijabin ya zauna daidai. Jakar makaranta na kan cinyarta, ta ɗora hannu biyu a kai.

"Na shirya, Umma."

Mutum kan binciki masifa tun daga tushe, amma in sauƙi ya zo masa bai cika tambayar ta ina ya shigo ba. Zubaida ta ce a ranta addu'a ce ta karɓu. Ta dama kunu, yarinyar ta shanye ba tare da ta ce ya yi tsami ba. Suka isa ƙofar makaranta ko mai gadi bai buɗe ba.

Haka aka ci gaba. Malamar aji ta tare Zubaida a hanya ta ce ba ta san me aka yi wa yarinyar ba, amma a ci gaba da yi. Ranar kitso ta zauna tsakanin gwiwoyin uwarta kamar an dasa ta, mataji na ja, ba ta ce uffan ba. Ba a maimaita mata magana. Wani lokaci ma kafin Zubaida ta rufe baki an miƙo mata abin da take nema.

Abin da ya fi shiga ran Zubaida shi ne yamma. A da, in tana guga, yarinyar na can tana tsalle a kan buhun gero ko tana bin kaji. Yanzu takan zo ta zauna a gefenta, ta zuba mata ido. Zubaida ta sami kanta tana magana. Ta ba ta labarin Gwiwa, da rijiyar da suke ja su huɗu, da yadda Dela ke gane ruwan sama zai zo ta ciwon gwiwarta. Ta faɗa mata abubuwan da ba a faɗa wa yaro, yadda dare ke da tsawo a gidan nan, da yadda wani lokaci takan kunna rediyo don kawai ta ji muryar babba. Yarinyar ba ta katse ta, ba ta hamma, ba ta ce tana jin yunwa. Tun da aka kawo Zubaida Roni babu wanda ya taɓa sauraronta haka.

Tsakuwa kuwa ba ta daina faɗowa ba. Da zarar rana ta ɓace sai ta fara, ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa samun kowa ba. A lokacin yarinyar kan ɗaga hannun dama kaɗan, ta juya tafin sama, ta juya shi ƙasa, idonta na bin wani abu a iska. Zubaida ta gani. Ta kuma lura yarinyar ba ta dariya, kuma tafin hannunta da sanyi ko da rana tsaka. Ta ga duk wannan, ta ajiye shi a wani lungu na zuciyarta inda ba ta leƙawa.

Helen ce ta leƙa. Maƙwabciyarsu ce ta bayan katanga, tela, mutuniyar kudancin Kaduna, wadda ta daɗe a Roni har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari kaifi. Ita ta ɗinka kayan makarantar. Wata yamma ta shigo da sabon wando a kafaɗa.

"Maman Sadiyya, kun ɓata min agogo. Da ihunku nake tashi da safe, yanzu sai rana ta fito ina kwance kamar matar gwamna. Me kika ba ta? Ki sammin in ba maigidana."

Zubaida ta yi murmushi, ta tura mata kujera.

"Sadiyya, ƙawata, zo ki gwada in ga tsawon."

Yarinyar na zaune a bakin rumfa, tana fuskantarsu. Ba ta motsa ba.

"Sadiyya! Au, yau ni ake yi wa yanga? To alewar da na zo da ita ta koma." Helen ta jira. Ta tafa hannu. "Maman Sadiyya, kunnenta lafiya kuwa?"

"Ke," in ji Zubaida, a hankali.

"Na'am, Umma."

Helen ta dubi yarinyar, ta dubi uwar. Ta sake kiran sunan, wannan karon ba da wasa ba, ta matsa har gabanta. Idon yarinyar ya wuce ta kamar ana kiran wata a wani gida. Helen ta ja da baya, ta naɗe wandon, ta rage murya.

"Wadda na auna ranar nan sai da ta cije ni a hannu, ga tabon. Wannan ba ita ba ce. Ni ba addininmu ɗaya ba, ban san yadda kuke yi ba. Amma ki kira uwar mijinki yau, kar ki kai gobe."

Tsakuwa ta faɗo tsakaninsu, ta yi tsalle ta tsaya a gefen takalmin Helen. Ta fita ba sallama.

Zubaida ta daɗe a zaune, garwashi na mutuwa a dutsen guga. Sannan ta juya ga yarinyar, ta yi tambayar da ta san tun tuni ya kamata ta yi.

"Ina take?"

"Tana barci, Umma. Ai kin san ba ta son tashi." Ta ɗan karkata kai. "Kullum tana ƙara nisa. Da ina jin numfashinta, yanzu sai na kasa kunne sosai."

Washegari da la'asar a-daidaita-sahu ya tsaya a ƙofar gida. Hajja Kaka ce, uwar Kashim, daga Kazaure, tsohuwa mai jiki da faɗa, 'yar asalin Barno. Tare da ita akwai Malam Jalaluddeen, mutumin Kanya Babba, tsohon malamin Larabci da ya yi ritaya, wanda ake kai wa irin wannan lalura daga garuruwa da yawa. Siriri ne, da tabarau mai kauri. Bai zo da bulala ba, bai zo da turare ba. Ya saurari Zubaida daga zaure har ta gama, bai katse ta ba, ya tafi masallaci. Bayan magariba ya dawo, aka shimfiɗa masa buzu a rumfa, Hajja Kaka ta zaunar da yarinyar a gabansa ta riƙe kafaɗunta.

Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Tsakuwa ta zubo a kan kwano kamar ƙanƙara, sannan ta tsaya cak. Yarinyar ta fara karkarwa. Ta toshe kunnuwa da hannu, ta dunƙule, hawaye na zuba. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba.

"Malam, da zafi."

Ba muryar Sadiyya ba ce. Muryar bayan randa ce.

Malam ya dakata. Ya sha zama da masu cika baki, masu cewa su sarakuna ne a ƙarƙashin kogi, masu rantsuwa za su kashe kowa a gida. Bai saba jin an faɗa masa haka ba, kamar yaron da ake wanke wa gyambo. Ya cire tabarau ya goge.

"Mene ne sunanki?"

"Na manta. An daɗe ba a kira ni da shi ba."

"Wa ya turo ki gidan nan?"

"Ba wanda ya turo ni. Kira na ji. Kullum da safe ina bayan katanga ina ji. Ke, tashi. Ke, zo ki yi wanka. Ke, zo ki sha kunu. Ba mai amsawa. Na daɗe ina ji, ban shigo ba, don ban san ko har da ni ba. Ran nan Umma ta ce duk wadda ta ji maganarta 'yarta ce. Ni kuwa na ji."

"Innalillahi," in ji Hajja Kaka. "Zubaida, da bakinki? Tun yaushe nake ce miki yarinya tana da suna, rago guda aka yanka mata!"

Malam ya ɗaga hannu, ta yi shiru.

"To jifan na mene ne? Mutanen gidan sun yi miki laifi?"

"Ba jifa nake ba. 'Yar carafke nake yi. In na wurga sai ta wuce, hannun nan ƙarami ne. Kuma ba wadda za ta karɓi wasan in na faɗi."

"Ina iyayenki?"

Can wani kare ya yi haushi a cikin gari, ya daina.

"A dutsen bayan gidan nan muke. Sai masu fasa dutse suka zo, suna tara itace a kai suna cinna wuta, dutsen na tsagewa. Manya suka ce a tashi. Ranar tafiya Inna ta kira ni da sassafe. Ina cikin wani kogo ina wasa, ina jin ta. Ta kira, ta kira. Na ce bari in gama wannan. Ta sake kira, har muryarta ta canza. Da na fito babu kowa."

Zubaida ta kau da kai.

"Shi ya sa yanzu ko wa ya kira ina amsawa," in ji muryar.

Malam ya mayar da tabarau. Da ya yi magana, muryarsa ba ta yi taushi ba, ba ta kuma yi kaushi ba.

"Na ji. Amma jikin nan yana da mai shi, kuma kina kashe ta. Za ki fita."

"To mu raba. Ni in riƙa tashi da safe in je makaranta, tunda ita ba ta so. In an dawo in ba ta jikin. Umma ma ta fi so na. Tambaye ta."

Malam bai tambaye ta ba, kuma Zubaida ta gode masa a ranta har ƙarshen rayuwarta.

"Ba a raba mutum," ya ce.

"To ta sa min suna. Ko wane iri. Sai in zauna a bayan randa, ba zan taɓa kowa ba, in an kira ni kawai in amsa."

"Wanda aka sa wa suna a gida ɗan gida ne. Ba za a sa miki ba. Kin san inda mutanenki suka koma?"

"Duwatsun can na tsallaken kwalta. Da yamma in iska ta juyo ina jin muryoyinsu."

"Me ya hana ki bin su?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, kamar abin kunya ne.

"Motoci. Ban taɓa tsallakawa ni kaɗai ba."

Malam ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya ce, "In an raka ki, za ki tafi, ba za ki dawo ba?"

"In Umma ce za ta raka ni. Da safe. Kuma ita za ta shirya ni. Kullum ni nake shirya kaina, don kar ta gaji da ni."

Ya sa ta rantse, ta rantse. Da zai koma masallaci inda zai kwana, ya kira Zubaida zaure, ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Malama, abu biyu. In kun tsallaka, kada ki yi mata alkawarin komai. Ko irin wanda ake yi wa yaro don ya yi shiru. Su ba sa mantawa. Na biyu, in ta fita jikin zai zama kamar ɗakin da ba kowa. 'Yarki ta yi nisa, sai an kirawo ta. Kakarta za ta iya kira, ni ma zan iya, amma ban ce za ta juyo ba. Ke za ki kira, kuma da sunanta. In kika ce 'ke' a wurin nan, ban san wa zai amsa ba."

Da asuba Zubaida ta ɗora ruwa. Ta sirka, ta taɓa da gwiwar hannu. Ta yi wa yarinyar wanka da soso da sabulu, ta cuɗa bayan kunne da tsakanin yatsu, ta shafa mata mai. Yarinyar ta rufe ido tana karɓar komai, ta ɗaga hannu aka zura riga, ta miƙo ƙafa aka sa safa. Da aka zo hijabi ta ɗaga haɓa ta jira. Sai da Zubaida ta gyara shi sau da yawa, ko da yake tun farko ya zauna.

Suka fita gari bai gama wayewa ba. Zubaida na riƙe da hannun yarinyar, Malam da Hajja Kaka na biye daga nesa. Suka bi ta gefen gonakin da aka yanke wa gero, raɓa na jiƙa musu ƙafa, suka wuce ramin masu fasa dutse da baƙar tokarsa. Da suka iso bakin kwalta yarinyar ta ƙanƙame yatsun Zubaida har suka yi zafi. Wata babbar mota ta wuce da fitilu a kunne, iskarta ta kaɗa musu zani.

"Duba dama," in ji Zubaida. "Duba hagu. Kar ki yi gudu. Ina riƙe da ke."

Suka tsallaka.

A ɗaya gefen wata 'yar hanyar awaki ta haura cikin duwatsu. Suka bi ta kaɗan, har yarinyar ta tsaya da kanta. Ta kasa kunne. Zubaida ba ta ji komai ba sai kukan kurciya, amma ta ga fuskar ta sake, irin yadda fuskar yaro ke yi in ya hango ƙofar gidansu.

"Su ne?"

"Su ne." Ba ta saki hannun ba. Ta ɗago kai. "Umma, in an tashi za ki zo ki ɗauke ni?"

Amsar na bakin Zubaida, a shirye, irin wadda ta sha ba 'yarta a ƙofar makaranta ba tare da tunani ba. Kalma ɗaya ce, kuma da ta faɗe ta da yarinyar ta tafi da murna. Ta dubi ƙananan yatsun da ke cikin nata. Yatsun 'yarta ne, ga ɗan tabon wuƙa a babban, amma riƙon ba na 'yarta ba ne. 'Yarta ba ta taɓa riƙe ta haka ba.

"A'a," ta ce. "Ba zan zo ba. Je ki, innarki na jira. In ta kira ki amsa."

Yarinyar ta dube ta, ta daɗe. Ba ta yi gardama ba. Ba ta taɓa yi ba.

"To, Umma."

Yatsun suka saki. Jikin ya sulale, Zubaida ta tare shi kafin ya kai ƙasa, ta zube da shi a kan gwiwoyinta. Kai ya langaɓe. Ido a rufe, leɓe ya yi fari, ƙirjin ba ya ɗagawa sai da ƙyar. Hajja Kaka ta taho da gudu irin na tsofaffi tana salati, Malam ya tare ta da hannu.

Zubaida ta buɗe baki, abin da harshenta ya saba ya taho, ta cije shi. Ta ji idon surukarta a kanta, ta ji na Dela daga kabari. Shekara shida sunan na cikin bakinta ba ta taɓa barin ya fito ba, yanzu ya yi mata nauyi kamar ba da Hausa aka yi shi ba.

"Sadiyya."

Raɗa ce kawai ta fito. Jikin bai motsa ba.

"Sadiyya!" Duwatsu suka maido mata da muryarta. Ta girgiza ta, ta manna bakinta a kunnenta. "Sadiyya, tashi. Sadiyya, ni ce. Don Allah, Sadiyya."

Gira ta motsa. Fuskar ta yamutse, baki ya turo gaba. Wani hannu mai ɗumi ya ɗago ya ture fuskar Zubaida.

"Ni ki ƙyale ni, barci nake ji."

Hajja Kaka ta zauna daɓas a kan dutse tana kuka tana dariya. Malam ya juya baya, ya shafa addu'a.

Sadiyya ta buɗe ido ta dubi duwatsu, ta dubi kayan da ke jikinta, ta fara ƙunƙuni. Wa ya kawo ta nan? Takalmin na matse ta. Ita ba za ta makaranta ba yau, kuma ba za ta taka ba, ƙafarta ciwo take. Zubaida ta durƙusa ta goya ta, ta ɗaure zani, ta ji nauyinta da zafin jikinta a gadon baya.

A bakin kwalta suka tsaya jiran mota ta wuce. Rana ta fara taɓa kan duwatsu. Hanyar awakin na nan fayau, babu kowa a kanta, ko ciyawa ba ta motsi.

"Umma," in ji Sadiyya daga baya, cikin muryar barci, "wa kike ta waiwaye?"

"Ba kowa," in ji Zubaida. "Riƙe ni da kyau."